Kabarinka a Bakin Tafkin Kanada

Zuwa ga maigidana, Malam Salihu, Baban Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta addini da ta girmamawa, ina fatan Allah Ya yalwata makwancinka, Ya sa kana cikin rahama. Mu nan Hindawiyya lafiya lau muke, sai zafin Jidda da ka sani.

Na ba mutane da yawa labarin rasuwarka. Na ba 'yan'uwanka, na ba matan unguwa da suka zo mini zaman takaba, na ba 'yarmu Rabi da ta yi wayo. Kai kaɗai ne ban ba ba, alhali a kanka aka yi komai. Saninka ya tsaya ne a ranar da ka shiga kwalekwale ka bar ni a bakin ruwa. Abin da ya biyo baya ni na gan shi, kuma yau nake so in gaya maka. Duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, ya saka ka a addu'a.

Ka tuna gidan Kyaftin a unguwar Bagdadiyya, Baturen nan ɗan Kanada mai tuƙa jirgin sama. Ka yi masa girki shekaru masu yawa, ni kuma ina yi wa matarsa, Madam, wanki da guga. A farkon shekarun saba'in ya ajiye aiki ya ce zai koma gida. Ya sayi wani masauki can ƙuryar arewacin ƙasarsu, a bakin tafki, inda attajirai ke zuwa lokacin zafinsu su kama kifi don nishaɗi. Ya ce mota ba ta zuwa wurin, jirgin ƙasa ba ya zuwa, sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Ya roƙe ka ka bi shi na 'yan watanni ka kafa masa kicin, ni kuma in taya Madam gyaran ɗakunan baƙi.

Inna ba ta so ba. Mahaifiyarka, wadda ta taho daga ƙasar Hausa a ƙafa, ta ratsa Sudan, ta haye Bahar Maliya a jirgin katako, ita ce ta riƙe hannun rigarka tana cewa, “Mutum ya bar ƙofar Makka ya tafi inda ba a kiran salla?” Ka yi dariya ka ce, “Inna, kifi fa kawai zan soya. Kafin azumi mun dawo.” Muka bar mata Rabi tana koyon tafiya.

Manyan jiragen ba su ba ni tsoro ba, don tun muna yara muke ganinsu suna wucewa ta saman rufinmu. Na ƙarshen ne ya tsinka mini zuciya. A wani ƙaramin gari inda hanyar mota ta ƙare, Kyaftin ya kai mu bakin ruwa ya nuna mana wani abu da bai fi motar haya girma ba, yana lilo a kan ruwa bisa ƙafafu biyu masu kama da kwalekwale. Aka cusa mu tsakanin buhunan albasa da gwangwanayen mai. Da ya ɗaga sama na leƙa taga. Ruwa da itatuwa, itatuwa da ruwa, har iyakar gani. Ba hanya, ba gona, ba hayaƙin gida ko ɗaya. Na ce a raina, wanda ya faɗa nan, wa zai nemo shi?

Da Kyaftin ya sunkuyar da hancin jirgin yana neman ruwa, na yi kalmar shahada da ƙarfi har Madam ta waiwayo. Ka kama wuyan hannuna kana cewa, “Ya Sattar, ya Sattar.” Tafin hannunka sharkaf yake da gumi. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba, don kai ma ba ka so a sani.

Masaukin 'yan ɗakuna ne na gungumen itace a kan wani falalen dutse. Akwai kicin ɗinka, da ɗakin injin wuta, da gadar katako da ta miƙa cikin ruwa inda ake ɗaure kwalekwale. Can gefe akwai gidan ƙanƙara, inda suke jibge ƙanƙarar da suka yanko daga tafkin lokacin sanyi, a rufe ta da dusar katako, a riƙa ajiye kifin baƙi. A ofishin Madam kuma akwai oba-oba, na'urar da ake magana da gari da ita. Bayan wannan, sai daji.

Ranar farko da jirgin ya sauke mu ya koma, na tsaya ina sauraron ƙararsa har ta ɓace. Sai shiru ya sauko. Ka san a Jidda ba a shiru. In ba mai tallan ruwa ba, to jaki ne, ko rediyon maƙwabta, ko ladanai suna karɓa wa juna. A can kuwa ina jin bugun zuciyata da kunnena.

Rana ma ba ta da tsari. Takan sauka ta ɓuya kaɗan bayan itatuwa, sama ta yi ja, kafin duhu ya gama shiga sai ga ta ta sake fitowa. Na rasa gane magariba daga isha'i, isha'i daga asuba. Kai kake ƙiyastawa, ka hau dutsen bayan kicin ka yi kiran salla a hankali, mu biyu rak, ka fuskanci inda rana ke ɓullowa. Akwai wani tsuntsun ruwa mai kuka kamar mace ta haukace tana dariya. Sau da yawa shi ke amsa maka.

Sauro kuwa ba a magana. Ga kuma baƙar dabbar nan da suke kira beyar, wadda ke zuwa ramin da ake zubar da kayan cikin kifi. Ranar da na fita shanya na gan ta ta miƙe da ƙafa biyu kamar mutum tana shinshina iska, na saki kwandon na ruga kicin, na kasa magana sai nuni. Tun daga ranar ba na fita bayan gida sai da Mari.

Mari, tsohuwar nan mai taya ka wanke-wanke, ka tuna ta. Tana daga mutanen asalin ƙasar, waɗanda Turawa ke kira Indiyawa, amma ba irin Indiyawan kasuwar Balad ta Jidda masu sayar da yadi ba. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, Turancinmu kuma duka biyu bai cika cokali ba. Da hannu muke hira. Ɗanta Jozif shi ne babban mai ja-gorar baƙi, ya san kowane lungu na tafkin.

Kai dai ka ji daɗin wurin, ba zan ɓoye ba. Ka ce ko a Bangala, kasuwar kifinmu, ba ka taɓa ganin kifi mai tsawon wannan ba, mai dogon baki cike da haƙora. Kana mamakin mutanen da za su taso daga wata duniya su kama kifi, su ɗaga shi a ɗauke su hoto, wani lokaci ma su mayar da shi ruwa. Ka dafa musu sayadiyya, shinkafar kifi irin tamu da soyayyiyar albasa, suka riƙa lasar yatsu. Da suka gano hannunka, sai suka ce dole ka riƙa bin su cikin kwalekwale, ka soya musu abin da suka kama a bakin ruwa da rana. Duk safiya ina rakiyarka gadar katako, ka ce mini, “Maimuna, ni da na koyi iyo a teku, tafki ne zai ba ni tsoro?”

Sai hayaƙi ya zo. Da farko ƙauri ne kawai da safe. Madam ta ce daji ne ya kama wuta can nesa, tsawa ce ta kunna, kuma kowace shekara ana yi. Kyaftin ya kwashe wasu baƙi ya kai su gari, da niyyar ya dawo da kayan abinci. Bai dawo ba. Kafin ya juyo hayaƙin ya rufe sama, rana ta koma jar ƙwallo da ake iya kallo ido da ido, toka tana sauka a kan zannuwan da na shanya. Na tambayi Madam, ta amsa da guntun Larabcin da ta koya a Jidda: “Ma fi ɗayyara, Maimuna. Sabur.” Babu jirgi, a yi haƙuri.

Baƙi kaɗan suka rage, cikinsu har da wani likita mai furfura. Zama ya ishe su, suka ce za su fita kusa-kusa. Da safen ka sa rigar sanyinka, ka ɗauki kaskon suya da gwangwanin mai. Na ce ka zauna yau. Ka ce, “In na zauna, ɗanyen kifi za su ci?” Ka ce in jiƙa wake, da yamma za ka yi mana ful, faten wake irin namu, ka gaji da abincin Turawa. Ka shiga kwalekwalen Jozif, ku biyu da kayan girki, baƙi a nasu. Hayaƙi ya haɗiye ku tun ina jin ƙarar injin.

Daga nan ne ba ka sani ba, Baban Rabi.

Bayan azahar iska ta taso. Ban taɓa ganin ruwa ya sauya fuska da sauri haka ba. Tafkin da ke kwance da safe ya zama baƙi ƙirin, yana tasowa da farin kumfa yana dukan gadar har katakan suna ƙara. Na tsaya a kanta na riƙe sanda. Kwalekwalen baƙi ya shigo, mutanen ciki jiƙe sharkaf, fuskokinsu fari fat. Na leƙa bayansu. Ba kowa. Likitan ya fito ya kalle ni, ya kawar da kai. Ya yi wa Madam magana da sauri, na tsinci sunanka da na Jozif a ciki, ban fahimci sauran ba.

Na yi ta kiran sunanka cikin iska. Ni da ban taɓa furta sunanka a gaban mutane ba tun da aka ɗaura mana aure, ranar na kira shi har muryata ta dushe. Mari ta zo ta tsaya kusa da ni, ita ma ɗanta na can. Ba ta yi kuka ba. Ta cire bargonta ta lulluɓe mu tare.

Da iskar ta lafa sauran masu ja-gora suka fita nema. Suka samu Jozif a kan wani ɗan tsibirin dutse, da rai, amma ba ya iya buɗe yatsunsa. Igiyar ruwa ce ta kifar da ku. Ya ce kun riƙe jikin kwalekwalen tare, kana ta karatu da ƙarfi, daga baya muryarka ta yi ƙasa, daga baya ya waiga bai gan ka ba.

Washegari suka same ka a wani lungu mai ciyawa, wata jar riga mai hana nitsewa tana jikinka, fuskarka a sama. Likita ya ce ba ruwa ka sha ba. Sanyi ne. Ruwan can ko a tsakiyar zafinsu ɗan'uwan ƙanƙara ne, yana kashe hannu da ƙafa kafin mutum ya yi nisa, komai iyawarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ɗauka ganin gawarka shi ne ƙarshen abin tsoro. Ashe farko ne.

Suka ɗauke ka a kan bargo, na bi su ina zaton ɗakinmu za a kai ka. Sai na ga sun nufi gidan ƙanƙara. Suka kwantar da kai a kan dusar katako, kifin baƙi jere a gefenka. Na kama rigar Madam ina tambaya. Da Larabci da hannu ta fahimtar da ni cewa dokar ƙasar ce: za a jira jirgi, a kai ka gari, likitan hukuma ya buɗe jikinka ya duba, sannan a binne ka a maƙabartar garin. Yaushe jirgin zai zo? Ta ɗaga kafaɗa ta nuna sama.

Na zauna a bakin ƙofar gidan ƙanƙarar na ƙi tashi. Tunani ɗaya ke yi mini yawo a kai. Daga nan har inda ƙasa ta ƙare, ba Musulmi ko ɗaya sai ni. Ba liman, ba mai wanka, ba maza huɗu da za su ɗauki makara. Mahaifinka yana kwance a Makka, mutanen da suka sallace shi ba sa ƙirguwa. Kai kuma za a tsaga ka, a sa maka kwat, a rufe ka cikin akwati fuskarka tana kallon inda ba alƙibla ba. Na ce wa Madam, “La. Wallahi la.” Shi ne iyakar abin da bakina ya iya.

Wutar kuma tana matsowa. Yanzu ba toka kaɗai ke sauka ba, har da guntayen ɓawon itace masu ɗumi. Dabbobi suka fara fitowa bakin ruwa. Na ga wata ƙatuwar dabba mai ƙaho kamar reshen bishiya tana iyo ta ratsa gaban gada, ko kallonmu ba ta yi ba. Masu ja-gora suka fara loda barguna da abinci a kwalekwale. Madam ta ce in wutar ta hauro tudun bayanmu, duka za mu gudu tsakiyar tafki. Na nuna gidan ƙanƙara. Ta juya ta ci gaba da haɗa kaya. Na gane ba wurinka a lissafin. Za a bar ka wuta ta ci.

Ban san lokacin da na tashi na shiga ofishinta ba. Na nuna oba-oba na ce ta kira Kyaftin. Da muryarsa ta fito cikin ƙara, na karɓe abin maganar daga hannunta. Ya fi matarsa jin Larabci. Na ce masa, “Ya Kyaftin, shekara nawa yana ciyar da kai? Ka ɗauko shi daga gaban uwarsa. Kada ka bari a ƙone shi, kada ka bari a yanka shi. Ka bar ni in binne mijina.” Ya ce, “Istanni, Maimuna.” In jira.

Ya je ya samo ɗan sandan garin. Aka daɗe ana magana, likitan nan mai furfura ya karɓa ya yi nasa bayanin, Jozif ma aka kawo shi a nannaɗe cikin bargo ya faɗi abin da ya gani. Ni ina tsaye ina kallon bakunansu. Daga ƙarshe Madam ta juyo, idonta ya yi ja, ta ce, “Halas. Yalla.” An yarda, saboda wutar.

Sai wani sabon tsoron ya kama ni, don ban taɓa wanke gawa ba. Sau ɗaya na tsaya ina miƙa ruwa lokacin da tsofaffin unguwa suka wanke mahaifiyata, kuma hawaye bai bar ni na ga rabin abin ba. Aka kawo ka ɗakinmu aka ɗora a kan ƙofar da aka ciro. Na rufe ka da zane. Mari ta dafa ruwa, ta jefa wasu ganyaye masu ƙamshi a ciki, tunda ba magarya ba kafur. Ta tsaya tana zuba mini, fuskarta a juye tana kallon bango, ba wanda ya gaya mata ta yi haka.

Na yi maka alwala. Na fara da dama, na koma hagu. Duk gaɓar da na wanke sai in tsaya in ce, haka ake yi kuwa? Ba wanda zan tambaya. Jikinka sanyi ƙalau, na riƙa ƙara ruwan ɗumi kamar za ka ji. A ƙasan akwatinka na samu 'yar gorar zamzam da Inna ta cusa maka, na shafa maka a goshi da tafin hannu. Madam ta kawo sababbin zannuwan gado farare da ba a taɓa shimfiɗawa ba, muka yage bakinsu, suka zama likkafani.

A wajen masaukin ba a iya haƙa, dutse ne ƙarƙashin 'yar ƙasa kaɗan. Jozif ya ce akwai wani tudun yashi a ƙetaren wani lungu na tafkin, inda suke binne nasu. Sai an shiga kwalekwale. Ni da tun zuwanmu ban yarda na taka cikinsa ba, na shiga na zauna a ƙasa, kanka a kan cinyata. Ba a ganin gaba, ba a ganin baya, hayaƙi ne kawai da ruwan da ya kashe ka yana lasar gefen jirgin. Duk sanda muka yi tangaɗi sai in ƙanƙame ka. Na ce, ya Rabbi, in za mu kife, ka bari sai na rufe shi.

Tudun yana da 'yan kaburburansu masu shingen katako da gicciye. Mari ta ja mu can gefe, nesa da su, ƙarƙashin wasu dogayen itatuwa. Jozif ya karɓi shebur da hannayensa da ba su gama warkewa ba, aka hana shi ya ƙi. Sai maganar alƙibla. Rana ba ta ganuwa, na rasa gabas na rasa yamma, na tsaya ina juyawa kamar wadda ta ɓata a kasuwa. Ashe Kyaftin ya riga ya gaya wa likitan ta oba-oba inda zai sa hancin jirgi in da Jidda zai nufa. Likitan ya ɗora kamfas a tafin hannu, ya ja layi a yashi da sanda. A kan layin aka haƙa.

Aka ajiye ka a gabana. Na waiga bayana don in ga sahu, don haka ido ya saba. Turawa ne da mutanen Mari a tsaye can baya, sun cire huluna sun riƙe a ƙirji. Na juyo. Ban taɓa jin an ce mace ta sallaci gawa ba, ban san ko ya halatta ba, ban san ko Allah zai karɓa ba. Na san dai in ban yi ba, ba mai yi. Na ɗaga hannu na yi kabbara, muryata ta fito 'yar siririya kamar ba tawa ba. A kabbara ta uku addu'ar ta ɓace mini gaba ɗaya. Na tsaya baki buɗe. Sai na ce da Hausa, “Allah ga bawanka Salihu, baƙo ne a nan, ba shi da kowa sai Kai. Ka gafarta masa.” Na yi ta huɗu na sallame.

Jozif da likita suka saka ka. Ni na sauka ciki da kaina na kwantar da kai a gefen dama, na juya fuskarka, na kwance ƙullin wajen kai. Yashin yana zubowa a kan ƙafafuna. Fitowa daga ramin nan ya fi mini komai wuya, sai da Mari ta miƙo hannu ta fizgo ni. Aka jera katako, aka mayar da ƙasa. Na tuna da beyar, na nuna wa Jozif da hannu yadda take tono. Ya gyaɗa kai. Suka yi ta jido manyan duwatsu daga bakin ruwa, har baƙin nan attajirai, sai da suka rufe kabarin ruf. Wani ya fara haɗa sanduna biyu zai yi gicciye, Mari ta karɓe su daga hannunsa ta ajiye. Ta kafa dutse guda a wajen kai.

Wutar ba ta iso masaukin ba. Iska ta juya, aka yi ruwan sama, bayan 'yan kwanaki Kyaftin ya sauka. Da ya fito daga jirgin ya kasa haɗa ido da ni. Ranar da zai fitar da ni, ya karkata jirgin ta kan tudun don in gani. Na ga ɗan farin yashi da tarin duwatsu, sannan itatuwa suka rufe. Na yi ta neman wata alama da zan riƙe, amma tafkunan duka kamarsu ɗaya.

Duk tsawon hanyar dawowa abu ɗaya nake tsoro: Inna. Waya ta riga ni isowa, an san ka rasu, amma ba a san yadda aka yi da kai ba. Na sauka a Jidda zafi ya buge ni a fuska, yayanka ya tarye ni ya karɓi kayana. Muka shiga lungunmu. Ɗakin Inna cike yake da mata. Tana zaune a kan tabarma da carbi, Rabi na barci a bayanta. Na durƙusa a bakin ƙofa na kasa ƙarasawa.

Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, “Wa ya wanke shi?”

Na ce, “Ni, Inna.”

“Wa ya sallace shi?”

“Ni.”

“Ke da wa?”

“Ni kaɗai.”

Sai wata daga baya ta ce, “Mace?” Wata ta ja tsaki a hankali. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai sauko mini. Inna ta ce in matso. Na ja gwiwa har gabanta. Ta ce, “Miƙo hannuwanki.” Na miƙa. Ta juya su ta dubi tafin, ta dubi bayan, kamar mai neman wani abu. Sai ta ɗora su a kan fuskarta ta riƙe, ta ja numfashi mai tsawo. Na ji hawayenta yana bin tsakanin yatsuna. Yayanka ya ce mini tun da wayar ta zo ba ta yi kuka ba sai a lokacin. Da ta ɗago, ta dubi matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Ɗana ya samu sutura. Kada in ƙara jin wata magana.” Ba a ƙara ba kuwa, har ta koma ga Allah.

Wannan shi ne abin da ya faru, Malam. Na yi iyakar abin da na sani, inda na kuskure ka yafe mini, ka san ban taɓa yi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya karɓe ka a cikin shahidai. Ya haskaka kabarinka, Ya ɗebe maka kewa a wannan daji, Ya sa mala'ikun rahama su zama maƙwabtanka. Allah Ya jiƙan Inna. Mari da ɗanta, da duk wanda ya ɗauki dutse ranar nan, Allah Ya saka musu da shiriya da alheri. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya tashe mu tare da kai a inuwa ɗaya. Amin.

Wassalam.

Matarka,
Maimuna
Hindawiyya, Jidda